Ɗan Injin Da Ke Cikin Kan Jirgin Ƙasa Na Kwaikwayo: Gyaransa Da Kiyaye Lafiyarsa



A cikin wannan shiri namu na faɗakarwa a kan sana'o'in hannu da hikimomin zamani, abin da muka yi nufin yin bayani a kansa yau wani ɗan inji ne wanda tsawonsa bai wuce na babban yatsa ba, amma kuma, duk da ƙanƙantarsa, ya tattara galibin ƙa'idojin da manyan injunan lantarki suke aiki a kansu. Ina nufin injin da ake ɓoyewa a cikin kan ɗan jirgin ƙasa na kwaikwayo, irin wanda ma'abota wannan sha'awa a Ingila da Jamus da Amurka da Japan suke shimfiɗa wa dogo a kan tebur, su gina masa tasha da gada da tsaunuka, sa'an nan su zauna suna kallonsa yana jan taragai yana kewayawa. La'alla wani daga cikinku ya ce, ina ruwan magidanci da kayan wasan yara? Amsa ita ce, alal haƙiƙa mafi yawan masu wannan sha'awa a can dattawa ne masu furfura, kuma wanda duk ya fahimci ciwon wannan ɗan inji da maganinsa, to, ya riga ya fahimci na injin keken ɗinki da na kik ɗin mota da na abin markaɗen lantarki, domin asalinsu ɗaya ne.

Wani abin mamaki a tarihi shi ne, injin lantarki da ɗan jirgin kwaikwayo kusan tare aka haife su. Bayan da Michael Faraday ya nuna a Landan, a shekarar 1821, cewa wutar lantarki da maganaɗisu suna iya haɗuwa su juya abu, sai wani maƙeri na jihar Vermont a Amurka, mai suna Thomas Davenport, ya ƙera inji har ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1837. Kuma daga cikin abubuwan da ya gwada wa mutane don su gaskata shi, akwai ɗan jirgi da ke kewaya dogo mai da'ira. Daga baya sana'ar ta koma hannun kamfanoni: Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa tun 1859; Lionel na birnin New York, wanda ya fara a 1900; da Hornby na Liverpool, wanda ya fito da ƙananan jiragensa na Dublo a 1938. Awon da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake ce wa HO, inda ake rage jirgin gaske sau 87, tazarar dogonsa kuma milimita 16.5, Ingilishi kuwa suka zaɓi nasu awon, OO, mai rage jirgi sau 76, amma a kan dogo iri ɗaya. A birnin Hamburg akwai wani gidan kallo, Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, wanda dogon da ke cikinsa ya haura kilomita 15, kuma jiragensa suna gudu kullum daga safe zuwa dare, har ma'aikata na musamman gare su waɗanda aikinsu ke nan, gyara da sharewa.

To, abin da nake so ya zauna a zukatanku tun daga farko, domin a kansa duk sauran bayanin zai ginu, shi ne wannan: ba safai aiki yake kashe irin wannan inji ba. Abin da ke kashe shi, a mafi yawan lokuta, datti ne, da yawan mai, da hannun mai gaggawa wanda yake kwance abu tun bai san illarsa ba. Kuma domin kada maganarmu ta zama ta iska, zan ɗauki inji guda sananne mu yi misali da shi, wato wanda ake kira X04, na kamfanin Tri-ang, wanda aka riƙa ƙerawa a garin Margate na Ingila tun cikin shekarun 1950, aka kuma ci gaba da saka shi a kawunan jirage har wajen shekara ashirin. Na zaɓe shi ne saboda a buɗe yake, babu murfi, duk gaɓoɓinsa ido yana ganinsu, kuma har yau ana samun waɗanda suka haura shekara sittin suna aiki garau.

Idan ka ɗora shi a tafin hannunka, abin da za ka fara gani a bayansa shi ne ɗan dunƙulen maganaɗisu, wanda wasu ƙarafa biyu suka rungume shi, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, suka miƙo gaba, suka bar fili a tsakaninsu. A cikin wannan fili ne amaca take, wato ƙarfen da ke juyawa, mai fukafukai uku, kowane fiffike an naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe wadda ba ta fi gashin kai kauri da yawa ba, an kuma shafe wayar da wani irin fenti mai hana wuta tsallakawa daga zare zuwa zare. A kan sandar amaca, gaba kaɗan da naɗin, akwai wani zobe na jan ƙarfe da aka tsaga gida uku, shi ne masu gyara suke kira kwamiteta. Sai kuma burosh guda biyu, 'yan hannuwa na tagulla masu ɗan gawayi a baki, waɗanda wani siririn sifirin mai ƙafa biyu yake danna su a jikin zoben, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. A can ƙarshen sandar kuma an ɗaura wani ƙarfe mai zare kamar na sukuru, wanda yake cizon haƙoran giyar da ke kan gatarin ƙafafun jirgi.

Yadda abin yake aiki kuwa, wuta miƙaƙƙiya, irin ta batir, wadda ƙarfinta bai wuce bolt 12 ba, tana fitowa daga akwatin sarrafa gudu ta shiga dogo ɗaya, ta hau ƙafafun jirgi na wannan ɓangare, ta bi wasu siraran ƙarafa masu gogar ƙafafun, ta isa burosh, ta ratsa naɗin amaca, sa'an nan ta fita ta ɗaya burosh ɗin ta koma ta ɗaya dogon. Da zarar ta ratsa naɗin, sai fiffiken ya zama maganaɗisu na ɗan lokaci, maganaɗisun dindindin ya jawo shi. Amma kafin ya iso ya tsaya, zoben nan mai tsaga uku ya riga ya juya, ya sauya wa wutar hanya, sai jan ya koma kan fiffike na gaba, haka dai abin zai yi ta gudana sau dubbai a cikin minti guda. Akwai kuma wata mas'ala mai zurfi wadda ya wajaba mai gyara ya riƙe ta, ita ce cewa amaca, a yayin da take juyawa a gaban maganaɗisu, ita ma tana haifar da tata wutar wadda take tunkuɗe wadda ke shigowa, kuma wannan tunkuɗewar ce take hana inji shan wuta fiye da kima. Saboda haka duk abin da ya rage mata gudu, ko ya raunana maganaɗisun, to, ya buɗe wa wuta ƙofa ta kwararo. Kuma injin da aka ba shi wuta alhali wani abu ya riƙe shi bai juya ba, cikin ɗan ƙanƙanen lokaci fentin wayarsa zai ƙone. Wanda ya ji jirginsa yana gurnani a wuri ɗaya, wajibi ne ya kashe wuta nan take, kafin ya tsaya tunanin dalili.

Yanzu sai mu zo ga bincike. Ka sami kan jirgi, ko na gado ne ko a cikin kayan gwanjo ka tsince shi, ka ɗora a dogo, ya ƙi motsi, ko kuwa yana tafiya yana tsayawa. Kada ka ɗauki sukundireba tukuna. Hankali ya hukunta a fara tuhumar na waje kafin na ciki, wato a bi wutar daga inda ta fito, mataki mataki, har inda ta tsaya. Shin akwatin yana ba da wuta? Shin dogon yana da tsabta, mahaɗansa kuma sun kama? Juya jirgin ka dubi ƙafafunsa, sau da yawa za ka tarar da wani baƙin danƙo ya naɗe su, har ka zaci roba ce aka saka musu, alhali ƙura ce da mai suka daskare. Ka goge su da ɗan ƙyalle da sifirit, ka duba siraran ƙarafan nan ko suna taɓa ƙafafun yadda ya kamata, ka zare gashi da zaren darduma da suka nannaɗe gatari. Bayan wannan, idan har yanzu shiru, sai ka cire gangar jikin jirgin, ka kawo wayoyi biyu daga batir mai bolt 9 ka taɓa su kai tsaye a kan burosh biyu. In injin ya tashi, hujja ta tabbata cewa ba shi da laifi, wutar ce ba ta isowa gare shi. In kuwa bai tashi ba, ko ya tashi da kasala yana tartsatsi, sa'an nan ne ya halatta a shiga cikinsa.

A nan akwai gargaɗi biyu waɗanda ba zan wuce su ba, domin ɗaya ya shafi dukiya, ɗaya kuma ya shafi rai. Na farko, ba dukkan jiragen nan ne suke cin wuta iri ɗaya ba: tsofaffin jiragen Märklin da na Lionel an yi su ne don wuta mai kai da komowa, suna karɓarta daga layi na uku da ke tsakiyar dogo, kuma a madadin maganaɗisun dindindin naɗin waya ne gare su; shi kuwa irin namu na X04, in aka kuskura aka ba shi wannan wutar, sai dai ya yi ta karkarwa a wuri ɗaya har ya ƙone. Tsofaffin akwatunan sarrafa gudu da yawa suna da mafita biyu, ɗaya ta dogo, ɗaya ta fitilu, kuma ta fitilun galibi mai kai da komowa ce, saboda haka a karanta rubutun da ke jiki kafin a ɗaura waya. Na biyu, taransifomar akwatin sarrafa gudu da aka yi don Amurka bolt 120 take karɓa, wutar gidajenmu kuwa ta kai bolt 230. Kuma tsohuwar taransifoma wadda robar wayarta ta bushe ta tsattsage, ba abin da yaro zai taɓa ba ce, bal ma babba, sai wanda ya san aikin lantarki ya duba ta.

To, mun shiga cikin inji. Ka shimfiɗa farin ƙyalle a cikin faranti mai baki, ka yi aikinka a ciki, domin sifirin ɗin nan in ya kuɓuce ya yi tsalle, nemansa a tsakar ɗaki aiki ne na yini guda. Ka ɗauki hoton yadda kome yake da wayar hannunka tun kafin ka taɓa, musamman ka lura da cewa ƙafa ɗaya ta sifirin tana sanye da 'yar riga ta roba, ɗayar kuwa tsirara take; hikimar haka ita ce burosh ɗaya yana karɓar wutarsa ta jikin ƙarfen jirgin, ɗayan kuma ta waya, kuma in rigar nan ta yage ko ta zame, wuta za ta yanke hanya ta koma ba tare da ta shiga amaca ba. Injuna da yawa an yanke musu hukuncin mutuwa a kan wannan 'yar roba wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu tsawo ba.

Cire burosh biyun, ka kawo fitila kusa, ka dubi zoben. Na lafiyayyen inji za ka gan shi da launin jan ƙarfe wanda ya ɗan yi duhu, sumul, tsagoginsa uku a buɗe. Na mara lafiya kuwa baƙi ƙirin ne, yana naso, tsagogin sun cike da wani kwaɓaɓɓen abu wanda ba kome ba ne face garin gawayin burosh da ya haɗu da mai. Wannan kwaɓin yana ɗaukar wuta, saboda haka sai ya haɗe gidajen nan uku da maƙerin ya raba da gangan, wuta ta riƙa zagawa a banza, inji ya yi zafi, ƙarfinsa ya ragu, wani lokaci har ka ga zoben wuta yana kewaya kwamiteta, hayaƙi yana tashi da wani wari mai kama hanci. Maganinsa mai sauƙi ne ƙwarai. Ka naɗa 'yar auduga a tsinke, ka tsoma a sifirit, ka dafa a kan zoben kana juya amaca da yatsa, kana sauya auduga har sai ta fito fara. Sa'an nan ka fiƙe tsinken sakace, ka bi kowace tsaga a hankali, kana jan dattin daga wajen naɗi zuwa waje, ba daga waje zuwa naɗi ba, domin a gindin kowane gida akwai inda aka like siririyar wayar da dalma, kuma tsinke in ya zame ya tsinke ta, ƙaramin aiki ya zama babba.

Ma'abota wannan fanni sun yi saɓani a kan goge zoben da abu mai kaushi. Wasu sun yi sauƙi, suka yarda a ɗan shafa shi da takardar yashi mafi laushi idan ya yi zane. Wasu kuma suka hana baki ɗaya, bisa hujjar cewa kowace gugar tana cin jan ƙarfen da ba ya tsirowa, tana kuma barin ƙananan zane waɗanda za su riƙa cin gawayi. Ni dai ra'ayina ya fi karkata ga masu hanawa, sai fa in lalura ta tilasta; kuma dukkansu sun haɗu a kan cewa duhun nan mai sheƙi da ke kan zoben da ya daɗe yana aiki ba datti ba ne, bal ma yana taimakon burosh wajen zamewa, don haka babu dalilin a kankare shi don neman ƙyalli.

Shi kuwa burosh, abin ci ne, don ya ƙare aka yi shi, domin gara gawayi ya cinye da zoben ya cinye. Idan ka ga gawayin ya kusa ƙarewa har tagullar tana neman taɓa kwamiteta, ka sauya, kuma ka sauya biyun tare. Wanda ya jiƙe da mai yakan yi laushi ya riƙa zubar da gari. Wasu sukan ɗora masa ƙarfen dalma mai zafi har man ya ƙone, dabara ce ta wanda bai sami sabo ba. Dannawar sifirin kuma tana son matsakaici: in ta yi rauni burosh ya riƙa tsalle yana tartsatsi, in ta yi tsanani ta shaƙe amaca ta jawo zafi.

Idan duk an yi wannan amma injin yana tashi a wani wuri, a wani wurin kuma sai an tura shi da yatsa, to, zato ya koma kan naɗin kansa, kuma a nan ne ake bukatar mita irin ta masu gyaran rediyo. Ka auna tsakanin gida na ɗaya da na biyu, na biyu da na uku, na uku da na ɗaya. Awo ukun nan ya kamata su zo daidai ko kusa da daidai. In ɗaya ya ninka sauran biyun, alama ce cewa wayar wannan naɗin ta tsinke, kuma galibi a bakin dalma take tsinkewa, inda mai tsayayyen hannu zai iya sake like ta. In ɗaya ya faɗi ƙasa ƙwarai, naɗin ya ƙone zarurrukansa sun haɗe. Haka kuma bai kamata mita ta nuna wata hanya tsakanin zoben da sandar amaca ba. Amacar da ta ƙone ana iya sake naɗa ta, sharaɗin dai a ƙirga zagayen tsohuwar wayar yayin warwarewa, a kuma sami mai kauri irin nata; sai dai aiki ne na mai haƙuri da kaifin ido.

Yanzu ga mas'alar da ta fi kowace ruɗar da sababbin shiga, wato ta maganaɗisu. Na tsofaffin injuna an yi shi ne da wani gami na baƙin ƙarfe da alminiyam da nikel da kobal, wanda asalinsa ya samo daga binciken wani masanin Japan, Tokushichi Mishima, a 1931. Wannan gami yana da wata ɗabi'a, ita ce ƙarfinsa yana zaune ne muddin ƙarafan da suka rungume shi suna nan sun rufe masa da'ira; ranar da aka kwance sukurun da ya ɗaure shi aka zare shi shi kaɗai, a cikin ƙiftawar ido zai zubar da wani kaso na ƙarfinsa, kuma mayar da shi mazauninsa ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Mai gaggawa yakan wargaza inji gaba ɗaya don ya wanke shi tas, ya mayar da kome daidai, sa'an nan ya rasa dalilin da ya sa jirgin da dā yake jan tarago shida yanzu biyu suke gagararsa, ga shi kuma yana zafi kamar zai narke. Dalilin shi ne abin da muka ambata ɗazu: maganaɗisu ya raunana, tunkuɗewar amaca ta ragu, wuta ta yi yawa. Saboda haka ƙa'ida ita ce, kada a raba maganaɗisu da ƙarafansa sai bisa larura. In kuwa larurar ta zo, a sa masa alama da fenti don a san gabansa da bayansa, domin in aka juya shi jirgin zai riƙa tafiya baya a lokacin da 'yan'uwansa suke tafiya gaba.

Wanda ya riga ya raunana yana da magani biyu. Ko dai a kai injin, a haɗe yadda yake, ga mai na'urar da ke harba masa wuta mai ƙarfi ta cikin manyan naɗi, ta dawo masa da kuzarinsa. Ko kuwa a musanya shi da sabon maganaɗisu irin na niyodimiyam, wanda aka gano a farkon shekarun 1980, wanda kuma ba ya zubar da ƙarfi don an cire shi. A nan ma akwai saɓani, domin wasu suna ganin ƙarfinsa ya wuce abin da aka ƙera injin dominsa, har yakan sa amaca ta riƙa fizga a ƙaramin gudu, ya kuma tsinto kowace 'yar ƙusa da garin ƙarfe da ke kan dogo ya jawo su cikin inji. Wanda ya sami hanyar farko, ita ta fi dacewa da tsohon abu.

Sai maganar mai, wadda na ce ita ce babbar musiba. Mutum ya ji inji yana ƙara, tausayi ya kama shi, ya ɗauko gwangwani ya tsiyaya. Man ya gangara kan sanda, juyawa ta watsa shi kan zobe da burosh, bayan 'yan kwanaki ciwon da muka gama bayaninsa ya dawo. Wuri biyu kacal ne a jikin injin suke bukatar mai, wato mazaunan sanda na gaba da na baya, kuma a X04 maƙerin ya saka musu 'yan ƙullin ulu waɗanda suke riƙe man suna sakinsa sannu a hankali. Gwargwadon da ake so kuwa, ka tsoma bakin allura a mai ka ɗiga, kamar dai yadda mai rubutun allo yake tsoma alƙalami a tawada ya karkaɗe kafin ya kai ga allo. In ka ga man yana ƙyalli a waje, ka yi israfi, sai ka tsane shi da takarda. Man keken ɗinki mara kauri ya wadatar a mazaunan ƙarfe, amma inda akwai giyar roba sai a nemi wanda aka rubuta cewa ba ya cin roba. Man gyaɗa da sauran man girki suna daskarewa su zama danƙo, baƙin man mota ya yi kauri, na fesawa kuma da ake kwance tsatsa da shi yana shiga inda ba a aike shi ba. Duk a nisance su. A kan haƙoran giya, ɗan giris kaɗan, bayan an kankare tsohon da ya bushe, domin jirgin da ya shekara ashirin a cikin kwali sau da yawa ba abin da ya riƙe shi sai tsohon giris da ya sandare.

Kafin ka mayar da injin mazauninsa, ka tura ƙafafun jirgin a kan dogo su kaɗai, ka ji ko suna gangarawa ba tare da cijewa ba, domin wannan ita ce damar da kake da ita ta wanke inji daga laifin da ba nasa ba. In ka ɗaura shi, ka tabbata zaren sukurun nan ya shiga haƙoran giya amma ya bar ɗan wasa kaɗan wanda yatsa zai ji. In ya matse da yawa, ɗan yankin takarda a ƙarƙashin inji yakan daidaita shi. Kuma a sanar da yara cewa irin wannan giya daga inji take tura ƙafa, ƙafa ba ta iya tura inji. Wanda ya danna jirgi da hannu ya gurza shi a ƙasa, haƙoran giya yake ci.

Akwai wani ɗan kafasito da za ka gani an like tsakanin wayoyin inji, wanda wasu suke yankewa suna cewa ba shi da aiki. Mu ma'aikatan gidan rediyo muna da haƙƙi a kansa, domin an saka shi ne don ya shanye tartsatsin burosh, wanda in ba haka ba yakan shiga akwatin rediyon maƙwabci ya riƙa ƙarƙara a tsakiyar labarai. A bar shi inda yake.

Jiragen da ake ƙerawa a wannan zamani galibinsu injinsu a rufe yake cikin gwangwani, da yawa kuma fiffike biyar gare su maimakon uku, abin da ya sa suke iya rarrafe a hankali ba fizga, suna kuma shan wuta kaɗan. Sai dai ba a yi su don a buɗe ba, iyakar hidimarsu ɗigon mai a bakin sanda, in sun mutu a sauya. Wanda kuma yake son ya saka wa tsohon jirgi 'yar na'urar sarrafawa ta zamani, wadda ake kira DCC, sharaɗi ne ya raba burosh biyun duka da jikin ƙarfen jirgi, wato ita ma ƙafar sifirin ɗin nan ta biyu sai an sa mata riga, in ba haka ba na'urar za ta ƙone tun a kunnawar farko.

Bayan an gama gyara, kada a ɗora masa taragai nan da nan. A bar kan jirgin shi kaɗai ya kewaya a matsakaicin gudu kamar rabin sa'a gaba, rabin sa'a baya, domin sabon gawayi ya ɗauki siffar zoben, mai kuma ya ratsa mazaunansa. Ana yi ana dafa injin da yatsa, ɗumi ba laifi, amma zafin da yatsa ba zai iya jurewa ba alama ce ta a tsaya a sake bincike. A lokacin hunturu, sa'ad da ƙura take shiga ko'ina, a riƙa rufe dogo da ƙyalle, jirgin kuma a mayar da shi kwalinsa, nesa da rana da laima, a kuma riƙa fito da shi yana ɗan gudu ko da sau ɗaya a wata biyu, don kada man ya daskare.

Jama'a, a nan lokaci ya cim mana. In Allah ya kai mu mako mai zuwa, za mu ɗauki maganar dogon kansa, yadda ake share shi da yadda ake gyara mahaɗansa.